Sarki Akbar da Anarkali a Allon Silima

Ran 5 ga watan Agusta, 1960, aka fara nuna wata silima a birnin Bombai na ƙasar Indiya, wanda a ke kira Mumbai yanzu. Sunanta Mughal-e-Azam, watau Babban Sarkin Mugal. Tun da sauran kwanaki mutane suka yi ta kwana a ƙofar gidan silimar da a ke kira Maratha Mandir, suna jiran a buɗe tagar sayar da tikiti. An ce a bisa giwa aka ɗauko faya-fayan silimar aka kawo su gidan, takardun gayyata kuwa aka rubuta su kamar wasiƙar sarki, aka naɗe. Daga wannan rana sai da aka yi shekara 15 ba a sami wata silima a Indiya da ta tara kuɗi kamarta ba, sai da Sholay ta fito a 1975.

Mai karatu ba baƙon silimar Indiya ba ne, gama tun wajen 1950 da 'yan kai fatake mutanen Labanan suka fara kawo ta gidajen silima na Kano da sauran biranen Arewa, ta kuwa karɓu ƙwarai. Amma ba kowa ya san cewa a can ƙasarsu, in silima ta fito, sai an yi mata shari'a a jaridu da majalisun malamai ba. Wannan da a ke magana a kanta ta tsaya gaban alƙalai iri uku: jama'ar da suka biya kuɗi suka shiga, da masu ba da kyautar shekara, da malaman tarihi. Hukuncinsu bai zo ɗaya ba. Kafin a gane dalili, sai an fara sanin sarkin da aka yi wasan a kansa.

Jalaluddin Muhammadu Akbar ya yi sarautar Hindu daga 1556 zuwa 1605. Musulmi ne, jikan Babur wanda ya kafa daular Mugal, amma yawancin talakawansa Hindu ne. Ya ga ƙasa irin wannan ba ta riƙuwa da takobi kaɗai, saboda haka a 1562 ya auri 'yar Sarkin Amber, ɗaya daga cikin sarakunan Rajput, bayan shekara biyu kuma ya ɗauke wa waɗanda ba Musulmi ba jiziya. Ya daɗe bai sami ɗa namiji mai rai ba, har ya tafi wurin wani waliyyi, Shaihu Salim Chishti, a ƙauyen Sikri, ya roƙi addu'a. A 1569 matar nan 'yar Sarkin Amber ta haifa masa ɗa, aka sa masa sunan Shaihun, Salim. Shi ne wanda ya gaji uban da sunan Jahangir, ya yi sarauta har 1627.

Fadar Akbar fada ce ta magatakarda. Wazirinsa na alƙalami, Abul Fazl, ya rubuta tarihin sarautar a littafin da a ke kira Akbarnama, a ƙarshensa kuma ya jera dokokin mulki da lissafin haraji, har da abincin giwayen sarki da kuɗin kayan masarufi a kasuwa. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin ofis ya san irin mutumin nan, ba ya barin kome ya wuce bai shiga takarda ba. To, a cikin wannan rubutu duka babu sunan wata baiwa Anarkali. Shi ma Jahangir ya rubuta labarin kansa da hannunsa, bai ɓoye aibinsa ba, ya faɗi yawan giyar da ya ke sha, ya kuma amsa cewa shi ya sa aka kashe Abul Fazl a hanya a 1602, amma bai ambaci wannan yarinya ba ko sau ɗaya.

Wanda ya fara sa labarinta a takarda wani ɗan kasuwa ne Bature mutumin Ingila, William Finch, wanda ya zo Lahor wajen 1611 yana cinikin baba. Ya ga wata ƙubba a na gininta, aka gaya masa ta wata mata ce daga cikin matan Akbar, wadda sarki ya zarge ta da ɗansa Salim, ya sa aka gine ta da ranta cikin bango. Ƙubbar tana nan har yau a Lahor, cikin ƙasar Pakistan. Turawa sun mai da ita coci a zamanin mulkinsu, daga baya aka mai da ita ma'ajin tsofaffin takardun gwamnati. A jikin dutsen kabarin akwai baiti da harshen Farisa, da sunan Salim ɗan Akbar, da shekaru biyu na Hijira, 1008 da 1024. Waɗansu masana sun ce kabarin na Sahib Jamal ne, matar Salim ta aure, wadda ta rasu a 1599. Iyakar hujjar ke nan: jita-jitar da baƙo ya ji a kasuwa, da dutse wanda bai faɗi sunan mai shi ba. Anarkali, ma'anarsa furen rumman.

Amma abin da littafin fada ya ƙi ɗauka, bakin mutane ya ɗauka. A 1922 wani marubuci na Lahor, Imtiaz Ali Taj, ya rubuta wasan kwaikwayo da harshen Urdu, ya mai da Anarkali kuyanga mai rawa, Salim kuwa saurayi mai son ta da aure, ya ƙare wasan da magina suna jera tubali a kanta. Shi kansa ya faɗa a gabatarwa cewa labarin ba shi da tushe a tarihi. Wannan wasa shi ne wani saurayi mai suna Karimuddin Asif ya karanta wajen 1944, yana da shekara 22, ya ƙudura a ransa sai ya mai da shi silima irin wadda ba a taɓa gani ba.

Aikin ya ci masa kusan shekara 16. Ya fara ɗauka da waɗansu 'yan wasa, Chandra Mohan a matsayin Akbar, Nargis a matsayin Anarkali. Ana cikin haka, a 1947, Turawan Ingila suka tashi, aka raba ƙasar biyu, Indiya da Pakistan. Miliyoyin mutane suka yi ƙaura, dubun dubata suka hallaka a hanya. Mai ba da kuɗin, Shiraz Ali Hakim, ya koma Pakistan. A 1949 Chandra Mohan ya rasu. Abin da aka ɗauka duka ya zama asara. Asif bai haƙura ba, ya sami wani attajiri maginin manyan gidaje, Shapoorji Pallonji, wanda ya ke daga cikin Farsi, watau zuriyar Majusawan Farisa da suka zauna a Indiya. Mutumin bai san kome game da silima ba, amma yana ƙaunar tarihin Akbar, sai ya saki bakin jaka. Aka sake sabon zubi: Prithviraj Kapoor ya zama Akbar, Durga Khote ta zama sarauniya Jodha, Dilip Kumar ya zama Salim, Madhubala ta zama Anarkali. Kafin su gama ma sai wani kamfani ya riga su, ya fitar da silima mai suna Anarkali a 1953, wadda Bina Rai ta fito a ciki, ta kuwa yi kasuwa. Mutane suka ce an sha gaban Asif. Shi ko a jikinsa.

Yadda ya kashe dukiya ya zama abin labari a Bombai. An ƙiyasta kuɗin da silimar ta ci ya kai wajen rupi miliyan 15, a zamanin da a ke gama silima sosai da kashi ɗaya cikin goma na wannan. Ya ɗauko masu surfani da maƙera da maƙeran zinariya daga garuruwa dabam dabam. Don ɗaukar yaƙi ya aro dubban sojoji da dawaki da raƙuma daga rundunar Indiya. Da ya so a ji muryar Tansen, mawaƙin fadar Akbar, sai ya tafi wurin Ustaz Bade Ghulam Ali Khan, wanda ya ke ganin waƙar silima ƙasƙanci ce. An ce Ustaz ya yanka masa rupi 25,000 kowace waƙa don ya kore shi, alhali manyan mawaƙan silima ɗari uku ko huɗu a ke ba su. Asif ya ce ya saya. Sa'an nan ya gina zauren madubai, aka yi wajen shekara biyu a na manna ƙananan gilasai da aka kawo daga Beljiyam. Da aka kunna fitilu sai madubai suka mai da haske cikin na'urar ɗaukar hoto, ba a ganin kome. Mai ɗaukar hoton, R. D. Mathur, ya yi ta gwaji har ya gano dabarar haska ƙyalle, ƙyallen kuma ya haska zauren. Wannan wuri da launi aka ɗauke shi, sauran silimar kuwa yawancinta baƙi da fari ce. Da Asif ya ga kyan launin sai ya ce a sake ɗaukar silimar duka, dillalan da suka gaji da jira suka ce a'a.

Ga yadda labarin ya ke a allo. Akbar ya taka rairayi mai zafi ba takalmi ya je roƙon ɗa. Kuyangar da ta kawo masa albishirin haihuwa ya ba ta zobensa, ya yi mata alkawarin duk ran da ta kawo zoben zai biya mata bukata guda. Yaro ya tashi a sangarce, uban ya tura shi fagen fama shekara 14, ya komo jarumi. Ya ga Anarkali, 'yar kuyangar nan, ya kamu. Wata mai rawa, Bahar, wadda ta ke harin zama sarauniya, ta kai tsegumi. Sarki ya ce baiwa ba ta zama uwar sarakunan Hindu, ya sa aka ɗaure ta da mari. Aka sake ta bisa sharaɗin ta nuna wa Salim ba ta son sa, sai ta shiga zauren madubai gaban fada duka, ta yi waƙa ta bayyana son da ta ke masa a idon sarki, siffarta ta cika kowane madubi. Salim ya yi tawaye, uba da ɗa suka kara a fagen yaƙi, aka ci ɗan, aka yanke masa hukuncin kisa. Anarkali ta miƙa kanta fansa. Ta roƙi dare guda na zama matarsa, da asuba ta shaƙa masa fure mai sa barci, dogarai suka tafi da ita wurin magina. Nan fa uwarta ta fito da zobe. Sarki ya tsaya gaban ma'aunin shari'a, daga bisani ya sa aka fitar da yarinyar da uwarta ta wata hanya ta ƙarƙashin ƙasa, su bar ƙasar, bisa sharaɗin Salim ba zai taɓa sanin tana da rai ba.

Jama'a dai ba su yi wata-wata ba. Jaridu ma yawancinsu yabo suka yi, suka yabi gine-ginen da kayan sawa, da kiɗan Naushad, da waƙoƙin da Shakeel Badayuni ya tsara Lata Mangeshkar ta rera. Abin da ya fi kama mutane shi ne maganganun, waɗanda marubuta huɗu suka haɗu suka rubuta da Urdu mai nauyi, cike da kalmomin Farisa. Ko da ya ke a na lissafa silimar cikin na Hindi, da yawa daga masu kallo ba su gane kowace kalma ba, amma suka haddace. Shaidar cewa ƙarfinta a harshen ya ke ita ce, da aka juya ta zuwa harshen Tamil aka fitar a 1961, faɗuwa ta yi warwas, har aka fasa fitar da ta Turanci da aka yi niyya.

Sai aka zo ga alƙalai na biyu. Gwamnatin Indiya ta ba ta lambar silimar Hindi da ta fi kowace a shekarar. A bikin kyautar Filmfare na 1961 ma ita aka zaɓa gwarzuwar shekara, aka ba Mathur kyautar ɗaukar hoto, aka ba marubutan nan huɗu ta magana. Daga nan aka tsaya. Kyautar mai shirya wasa aka ba Bimal Roy saboda Parakh, aka bar Asif da shekarunsa 16. Ta kiɗa aka ba Shankar da Jaikishan, aka bar Naushad. Dilip Kumar ya karɓi ta gwarzon 'yan wasa, amma saboda wata silima dabam, Kohinoor. Ta mata kuwa, wadda kowa ya ɗauka Madhubala ta riga ta sa a aljihu, sai aka miƙa wa Bina Rai saboda Ghunghat, ita ce dai wadda ta yi Anarkali ta 1953. Har yau marubutan silima na Indiya in suna lissafa hukunce-hukuncen da suka kauce, da wuya su tsallake wannan. Gaskiya tana wajensu, gama yau sai an yi bincike kafin a sami wanda ya ga Ghunghat.

Abin ya fi ciwo in aka san halin da yarinyar ta ke ciki. Sunanta na yanka Mumtaz Jahan, an haife ta a Delhi a 1933, da ciwon zuciya aka haife ta, akwai huji a tsakanin ɗakunan zuciyarta. Asif bai yarda da marin ƙarya ba, na ƙarfe na gaske aka ɗaura mata, ta yi ta ja har jikinta ya yi tabo. Bayan wannan, ita da Dilip Kumar, wanda sunansa na gaskiya Muhammadu Yusuf Khan, sun so juna da gaske, har a na maganar aure. A wajen 1956 mai shirya silimar Naya Daur ya kai ta ƙara ita da ubanta bisa saɓa yarjejeniya, Dilip Kumar ya ba da shaida a ɓangaren mai ƙara, suka ɓata. Akwai wani wuri a silimar inda Salim ya ke shafar fuskarta da gashin tsuntsu, ba mai cewa uffan, muryar Ustaz tana tashi daga nesa. Masu sharhi da yawa sun sa shi cikin mafi kyan abin da aka taɓa ɗauka na soyayya a Indiya. Dilip Kumar ya faɗa a littafin tarihin kansa, wanda ya fito a 2014, cewa sa'ad da aka ɗauki wurin ko gaisuwa ba ta haɗa su. Ta rasu ran 23 ga Fabrairu, 1969, tana da shekara 36, ba ta taɓa karɓar kyautar Filmfare ba.

Malaman tarihi su ne alƙalai na uku, kuma tuhumarsu tana da yawa. Sun ce Salim na gaskiya ya yi wa ubansa tawaye, ba shakka, ya kafa fadarsa a Allahabad tun wajen 1600, amma gadon sarauta ya ke nema, gama ya ga uban ya daɗe a kai, shi kuwa ya haura talatin. Ba su taɓa gwabzawa a fagen yaƙi ba, sulhu aka yi a 1604. Sun ce mashayi ne mai zafin hukunci, da matansa da yawa, ya yi nisa da saurayin nan mai sanyin murya. Sunan Jodha ma ba ya cikin littattafan zamanin, laƙabin uwar Salim a fada Maryam Zamani. Zauren madubai na Lahor, wanda aka kwaikwaya, Shah Jahan ya gina shi, jikan Akbar, shekaru bayan rasuwar kakan. Duk wannan daidai ne, wanda kuma ya ɗauki silimar ya mai da ita littafin tarihi ya ɓata.

Amma gardamar da ta fi kowace nauyi a kan ƙarshen labarin ta ke. Wasan Imtiaz Ali Taj da mutuwa ya ƙare, silimar 1953 ma haka. Masu ƙorafi suka ce Asif ya ji tsoron hawayen masu kallo, ya huda bango ya ɓata labari. In aka duba da kyau, ba don Anarkali aka haƙa hanyar nan ba, don Akbar aka haƙa ta. Waɗanda suka riga shi sunan yarinyar suka sa wa aikinsu, shi kuwa sunan sarkin ya sa. Silimar ta buɗe ne da taswirar ƙasar Hindu tana magana da bakinta, tana yabon sarkin da ya ƙaunace ta. A ciki an nuna Akbar Musulmi zaune tare da matarsa a bikin addininta, an nuna jarumin Rajput, Durjan Singh, ya ba da ransa don cika alkawarin da ya yi wa Salim. Masu aikin su ma haka su ke a cakuɗe: Asif da Naushad da Shakeel Musulmi, Prithviraj da Lata Hindu, mai kuɗin Farsi. Shekara 13 kacal da raba ƙasa, jinin bai gama bushewa ba, Musulmin da suka zauna a Indiya a na yi musu kallon baƙi. Masu nazari na baya sun lura cewa a irin wannan lokaci Asif ba zai so ya tsai da sarki Musulmi gaban jama'a yana bisne 'yar talaka da rai ba. Yana bukatar sarkin da dokarsa ta tsaya, alkawarinsa kuma bai faɗi ba.

Sai dai rahamar tana da tsada, kuma ba sarki ya biya ba. Anarkali ta fita ta ramin kamar gawa mai tafiya, ba ta ko amsa maganar da sarki ya ke mata. Salim zai farka ya rayu yana zaton ubansa ya kashe ta. Mai kallo da ya taɓa ganin an raba yarinya da wanda ta ke so saboda asali ya san wannan ba sassauci ba ne sosai. Saboda haka zargin cewa Asif ya zaƙaƙa ƙarshen bai zauna daidai ba. Abin da za a iya tuhumarsa da shi shi ne ya wanke sarki fiye da yadda labarin ya yarda.

Asif bai sake gama wata silima ba. Ya kama aikin labarin Laila da Majnun, jarumin da ya zaɓa, Guru Dutt, ya rasu a 1964, ya sake farawa da wani, shi ma kansa ya rasu a 1971 yana da shekara 48. Abin da ya rage aka harhaɗa aka fitar a 1986.

Burinsa na launi kuwa sai bayan ransa ya cika. Kamfanin zuriyar Shapoorji ya sa aka wanke tsofaffin faya-fayan, aka bi hotunan ɗaya ɗaya da kwamfuta a na sa musu launi, aka sake naɗar kiɗan, aka rage tsawonta da wajen minti 20. Ran 12 ga Nuwamba, 2004, aka mai da ita gidajen silima, ta zama silimar Hindi ta farko mai baƙi da fari da aka yi wa haka. Jama'a suka sake cika gidajen, jikoki tare da kakanni. Masu sharhi suka sake rabuwa: waɗansu suka ce an cika wa mamaci wasiyya, waɗansu suka ce Mathur don baƙi da fari ya auna haskensa da inuwarsa, launin ya danne su, zauren madubai kuma ya rasa mamakin da ya ke bayarwa dā, lokacin da shi ne ya ke fara ɓullowa da launi bayan an daɗe a na kallon baƙi da fari. A 2006 aka yarda aka nuna ta a gidajen silima na Pakistan, inda aka hana silimar Indiya tun yaƙin 1965, mutanen Lahor suka je suka gan ta a garin da ƙubbar ta ke.